Tikitin jirgi mai araha: Lissafin da ya kamata ɗalibi mai zuwa karatu ƙasar waje ya yi kafin ya biya

Duk shekara, da zarar watan Yuli ya kama, ofisoshin masu sayar da tikitin jirgin sama a Kano da Kaduna da Abuja kan fara cika da iyaye da 'ya'yansu. An samu gurbin karatu a Masar ko Indiya ko Malesiya ko Turkiyya ko Birtaniya, an biya kuɗin makaranta, biza ta fito ko tana dab da fitowa. Abin da ya rage shi ne kujera a jirgi, kuma a nan ne gidaje da yawa ke gane cewa abin da suka ware ba zai kai ba.

Ɗaliban da gwamnati ta ɗauki nauyinsu, kamar 1,001 ɗin da gwamnatin Kano ta ware wa gurabe a Indiya da Uganda a 2023, ba su da wannan ciwon kai, domin ba daga aljihunsu tikitin ke fita ba. Amma da yawa daga cikin masu fita karatu iyayensu ne ke ɗaukar nauyinsu. Wani fili aka sayar, wani adashi aka kwasa, wani kuma dangi ne suka yi masa karo-karo.

Mai irin wannan kuɗi dole ya nemi tikitin da ya fi araha. Sai dai farashin da ke fitowa a fuskar waya ba shi ne cikakken kuɗin tafiya ba. Akwai kuɗin kaya, da na isa filin jirgi, da na bizar yada zango, da na sauya rana idan biza ta makara. Akwai kuma tambayar da ta fi dukkansu nauyi: shin abin da aka biya wa kuɗin tikiti ne na gaske?

Abin da ya sa kujera ɗaya take da farashi iri-iri

Fasinjoji biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, su ci abinci iri ɗaya, alhali ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Dalili shi ne kamfanonin jirage suna rarraba kujerun ajin gama-gari zuwa rukuni-rukuni, kowanne da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa.

Rukunin da ya fi araha kujerunsa kaɗan ne. Idan suka ƙare, kwamfutar kamfanin sai ta buɗe rukuni na gaba mai ɗan tsada, haka har a kai ga mafi tsada. Shi ya sa farashin da aka gani da safe kan tashi kafin Magariba, ba tare da ejan ya yi wata rufa-rufa ba.

Kuma araha tana zuwa da sharaɗi. Rukunin ƙasa shi ne wanda galibi ba a mayar da kuɗinsa idan an fasa tafiya, sauya ranarsa na da tara mai nauyi, wani lokaci ma akwati ɗaya kawai aka yarda a ɗauka.

A kan ainihin kuɗin kujera kuma akwai haraji da caji. A Najeriya, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA tana karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti, hukumar filayen jirage ta FAAN kuma tun 2020 ta mayar da kuɗin da take karɓa kan fasinja mai fita ƙasashen nesa dala 100. Waɗannan ba sa raguwa don mutum ɗalibi ne.

Darasin 2022 zuwa 2024

Waɗanda suka tura 'ya'yansu waje a waɗannan shekaru ba za su manta ba. Ƙarancin dala ya sa kamfanonin jiragen ƙetare sun kasa fitar da kuɗin cinikinsu daga Najeriya, har kuɗin da suka maƙale suka haura dala miliyan 800 a 2023, kamar yadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta bayyana.

Martanin da kamfanonin suka mayar shi ne rufe rukunan kujeru masu araha ga masu saye da naira. Emirates ma ya dakatar da zuwa Najeriya gaba ɗaya a ƙarshen Oktoba 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. A tsakanin nan, a watan Yunin 2023, Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024.

Abubuwa biyu ne suka kawo sassauci. Na farko, Babban Bankin ya biya kusan dukkan kuɗin da suka maƙale, kamfanonin suka sake buɗe kujerun araha. Na biyu, a ranar 30 ga Maris 2024 Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa filin Gatwick na Landan, inda ya sa tikitin zuwa da dawowa na ajin gama-gari a naira miliyan 1.2, tare da sanar da rangwamen kashi 15 cikin 100 ga ɗaliban Najeriya da ke karatu a Birtaniya. Ba a jima ba kamfanonin ƙetare da ke wannan hanya suka zaftare nasu farashin.

Abin da ɗalibi zai ɗauka daga nan shi ne farashin tikiti yana bin dala ne da kuma gasa. Hanyar da kamfanoni da yawa ke bi ta fi sauƙi, kuma farashin da wani yaya ya biya bara ba ma'auni ba ne na bana.

Yaushe ya kamata a saya?

Ɗalibai sun yi rashin sa'a ta wannan fuska, domin lokacin tafiyarsu shi ne lokacin cunkoso. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba masu hutun bazara na komawa Turai da Amurka, jami'o'i kuma na buɗewa. Disamba zuwa farkon Janairu ma haka. Ga masu tashi daga Arewa akwai ƙarin wani lokacin: Umarar watan azumi, musamman goman ƙarshe, lokacin da jiragen da ke bi ta Alƙahira da Addis Ababa da Doha kan cika da masu zuwa Saudiyya.

Saye da wuri yana taimakawa, amma yana da tarko. Wanda ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, ya yi caca ne da kuɗin gidansu. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara bibiyar farashi tun ranar da takardar gurbin karatu ta zo, a san kamfanonin da ke zuwa garin da matsakaicin farashinsu, sannan a biya da zarar biza ta shiga hannu. Idan kuma lokaci ya ƙure har dole a saya kafin biza, to a zaɓi rukunin da ke ba da damar sauya rana, ko da ya ɗan fi tsada.

Akwai kuma 'yar dama da mutane ba su cika amfani da ita ba. Bizar karatu ta Birtaniya, ga kwas ɗin da ya wuce wata shida, kan ba da damar shiga ƙasar har wata ɗaya kafin fara karatu, ta Amurka kuma kwana 30. Wannan na nufin ɗalibi ba ya ɗaure da rana ɗaya. Matsar da tafiya da kwana biyu ko uku, ko tashi a tsakiyar mako maimakon Juma'a ko Lahadi, kan fito da farashi daban. Sai dai a tabbatar ɗakin kwanan makaranta zai buɗe a ranar isowa, don kada rarar da aka samu ta ƙare a otal.

Inda ake dubawa da inda ake saye

Shafuka irin su Google Flights da Skyscanner da Kayak suna jera farashin kamfanoni daban-daban a wuri ɗaya, suna nuna kalandar ranakun da suka fi sauƙi, kuma ana iya sa su su riƙa aiko saƙo idan farashi ya sauka. Amfaninsu ke nan: sanin kasuwa. Galibinsu ba su ne ke sayar da tikitin ba, turawa suke yi zuwa wani shafin.

A nan ake so a yi hattara. Farashin da ya fi kowanne ƙasa sau da yawa na wani kamfanin dillanci ne da ba shi da ofis a Najeriya. Ranar da aka soke jirgi ko ake so a sauya rana, kamfanin jirgin zai ce a koma wajen wanda ya sayar, shi kuwa sai ta imel ake samunsa, idan ma an same shi.

Saboda haka, bayan an ga farashi a irin waɗannan shafuka, sai a buɗe shafin kamfanin jirgin kansa a gwada, sannan a tambayi ejan ɗaya ko biyu da ke da ofis a gari. Akwai kuma kamfanoni masu sayarwa ta intanet da naira, kamar Wakanow da Travelstart. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, saye kai tsaye daga kamfanin jirgi ko daga ejan mai rajista shi ya fi, domin akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan matsala ta taso.

Rangwamen ɗalibai: sai an nema

Kamfanoni da dama suna da tsari na musamman ga ɗalibai, amma ba ya fitowa a shafukan kwatanta farashi. Sai mutum ya yi rajista da kansa.

Qatar Airways yana da Student Club ga ɗalibai 'yan shekara 18 zuwa 30, wanda ke farawa da rangwamen kashi 10 cikin 100, yana ƙaruwa a tafiye-tafiye na gaba, tare da ƙarin kaya da sassauci wajen sauya rana. Turkish Airlines yana ba da rangwame da ƙarin kaya da sauya rana sau ɗaya kyauta ga wanda ya yi rajista a matsayin ɗalibi a tsarinsa na Miles&Smiles. Emirates ma yana da nasa rangwamen da ƙarin kaya. Dukkansu suna neman shaida, kamar takardar gurbin karatu ko katin makaranta ko bizar karatu, kuma tantancewar kan ɗauki kwanaki, don haka ba aikin daren tafiya ba ne.

Abu biyu za a lura da su. Rangwamen a kan ainihin kuɗin kujera yake, ban da haraji, don haka kashi 10 ɗin ba ya kai kashi 10 na jimillar kuɗin. Sannan sau da yawa ƙarin kayan da damar sauya rana sun fi rangwamen kansa daraja ga ɗalibi.

Kano, Abuja ko Legas?

Legas ce ta fi yawan jiragen ƙetare, saboda haka farashinta kan fi sauƙi a ido. Amma ɗalibin da ke Katsina ko Gusau ko Haɗeja sai ya fara isa Legas tukuna.

Daga filin Malam Aminu Kano ana samun EgyptAir zuwa Alƙahira da Ethiopian Airlines zuwa Addis Ababa, Qatar Airways kuma ya fara zuwa Kano a Maris 2022. Ta waɗannan cibiyoyi ana isa manyan biranen Indiya da Malesiya da Turai da tikiti ɗaya. Abuja kuma tana da ƙarin zaɓi, ciki har da Turkish Airlines da British Airways da Lufthansa.

Wanda ya zaɓi Legas zai ƙara kuɗin jirgin cikin gida, wanda kilon kayan da yake yarda da shi bai kai na jirgin ƙetare ba, don haka akwai kuɗin rarar kaya tun kafin a bar ƙasa. Tashar jiragen cikin gida a Legas daban take da ta ƙetare, sai an hau mota. Uwa-uba, idan jirgin cikin gidan ya makara, kamfanin ƙetaren ba ruwansa, domin tikiti biyu ne mabambanta. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan hana jirage tashi da sauka a Kano da sauran filayen Arewa na tsawon sa'o'i, wani lokaci yini guda. Mai hankali kan isa Legas ko Abuja kwana ɗaya kafin tafiya, wannan kuma kuɗin masauki ne.

Ɗaliban Maraɗi da Damagaram su ma suna da irin wannan lissafi tsakanin Yamai da Kano. Kano ta fi kusa da su, amma Yamai na da nata jiragen, kamar Turkish Airlines da Royal Air Maroc da Ethiopian, yayin da Air France ya daina zuwa tun Agustan 2023.

Yada zango: inda araha kan zama asara

Wasu tikitocin suna da sauƙi ne saboda inda suke ratsawa. Masu fasfon Najeriya da na Ghana suna cikin waɗanda ƙasashen Turai na yankin Schengen ke buƙatar su nemi bizar yada zango ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. An ɗauke wa mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Japan ko ta ɗaya daga cikin ƙasashen yankin, amma bizar Birtaniya ba ta cikin wannan jeri na gama-gari tun bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Ɗalibin da zai je Manchester ta Paris ko Frankfurt sai ya tabbatar da wannan daga kamfanin jirgin kafin ya biya. Ita ma Birtaniya tana da irin wannan doka ga 'yan Najeriya masu ratsawa ta filayenta.

Wanda ba shi da wannan biza tun a teburin awon kaya a Najeriya za a hana shi shiga jirgi, kuma ba lallai a mayar masa da ko kwabo ba.

Tarko na biyu shi ne tikitin haɗe-haɗe, inda shafin intanet ke haɗa jiragen kamfanoni biyu da ba su da alaƙa. Fasinja zai sauka, ya ɗauki kayansa, ya sake awo. Ɗaukar kaya na nufin wucewa ta gaban jami'an shige da fice, wato shiga ƙasar, wanda ke buƙatar cikakkiyar biza. Idan kuma jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi da kuɗinsa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Tikiti ɗaya mai lamba ɗaya daga farko har ƙarshe ba shi da wannan matsala. Kaya na wucewa da kansu, idan aka rasa jirgi na biyu saboda makarar na farko kamfanin ne zai nemo wani. Ethiopian da Turkish ma sukan ba da masauki kyauta ga mai dogon jira a Addis Ababa ko Istanbul idan tikitinsa ya cika sharuɗɗansu.

Kaya da takardu

Ɗalibin da zai yi shekara bai dawo ba ba ya tafiya da jaka ɗaya. A hanyoyin Najeriya da yawa an saba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, amma ba kowane tikiti ke da wannan ba. Dole a karanta abin da aka rubuta a jikin tikitin. Sayen ƙarin akwati ta intanet kafin ranar tafiya ya fi sauƙi a kan biya a filin jirgi. Kuma inda ake ƙirga akwati, ba a haɗa nauyi: akwati mai kilo 28 zai jawo tara ko da ɗayan kilo 15 ne.

Kilishi da man shanu da sauran kayan nama da madara ba a yarda a shiga da su Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ba, Amurka ma tana hana shiga da nama. Biya musu kuɗin kilo sannan a zubar da su a can asara biyu ce.

Sai katin rigakafin cutar shawara. Indiya da Masar da Malesiya suna nemansa daga masu zuwa daga Najeriya, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Indiya kan killace wanda ya isa babu shi har tsawon kwana shida. Fasfo kuma ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Lamba 13 da ke raba tikiti da takardar banza

Wannan ita ce damfarar da ta fi cin mutane. Ejan na iya kama wa mutum kujera ba tare da ya biya kamfanin jirgi ba. Zai samu lambar kama kujera mai haruffa da lambobi shida, wadda ake kira PNR, ya buga takarda mai tambarin kamfani da sunan fasinja da ranar tafiya. Ko an duba a shafin kamfanin a ranar za a ga sunan. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, da yake ba a biya ba, kwamfuta sai ta soke kujerar da kanta. Fasinja ba zai sani ba sai ya isa filin jirgi da kayansa da 'yan rakiya.

Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ukun farko na nuna kamfanin da ya fitar da shi: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways, 235 Turkish Airlines, 176 Emirates, 125 British Airways, 147 Royal Air Maroc. Bayan an biya, a shiga shafin kamfanin jirgin da lambar PNR da sunan mahaifi, a ga wannan lamba mai 13 ta bayyana. Idan babu ita, ba a sayi tikiti ba tukuna. Yana da kyau a sake dubawa bayan kwana biyu, da kuma kwana ɗaya kafin tafiya, domin akwai ɓata-garin da ke fitar da tikiti su nuna, daga baya su soke shi su karɓe kuɗin.

Alamomin haɗari a bayyane suke: farashin da ya yi ƙasa sosai da na kowa, matsin lamba cewa a biya yanzu-yanzu, da neman a tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na kamfani. Ana iya tambayar ejan shaidar rajistarsa da IATA ko da ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, NANTA. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Sannan suna. Muhammad da Mohammed da Muhammed a kunne ɗaya ne, amma a kwamfutar filin jirgi mutum uku ne. Haka Abdullahi da Abdullah, ko A'isha da Aishatu. Wasu kuma sunan garinsu ne ke matsayin sunan mahaifi a fasfo. A tura wa mai yankan tikiti hoton shafin fasfo, a kuma karanta sunan harafi-harafi kafin a biya. Gyaran suna na da kuɗi, wasu kamfanonin ma sai an sayi sabo, kuma ba a mayar da tikitin wani ga wani.

Zuwa kawai, ko zuwa da dawowa?

Tikitin zuwa kawai ba kasafai yake zama rabin na zuwa da dawowa ba, yakan fi haka. Wanda ya san zai dawo hutu cikin shekara zai iya cin riba idan ya sayi na zuwa da dawowa mai damar sauya rana. Amma mafi tsawon wa'adin tikiti shekara ɗaya ne, masu araha ma ba sa kaiwa, don haka ba shi da amfani ga wanda ba zai dawo ba sai bayan shekara biyu.

Akwai kuma dokar bi da bi: wanda bai hau jirgin farko ba, kamfani kan soke sauran tafiyar gaba ɗaya. Idan wani uzuri ya taso, a sanar da kamfanin kafin jirgi ya tashi. Ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, galibi ana iya neman harajin da ba a yi amfani da shi ba.

Yana kuma da kyau gida ya ajiye wani abu na tikitin gaggawa. Ɗaliban da yaƙi ya rutsa da su a Yukren a Fabrairun 2022 da Sudan a Afrilun 2023 sun ga yadda hanya kan rufe cikin dare ɗaya.

Idan an samu matsala

Fasinja na da haƙƙi. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, kamfani ne ke da alhakin kayan da suka ɓata ko suka lalace, kuma iyakar diyyar ta kai kimanin dala 2,000 tun ƙarshen Disamba 2024. A cike takardar rahoto kafin a bar filin jirgi, sannan a rubuta ƙorafi cikin kwana bakwai idan lalacewa ce, ko kwana 21 idan makara ce.

Jirgin da ya tashi daga Tarayyar Turai ko Birtaniya, idan ya yi doguwar makara ko aka soke shi bisa laifin kamfani, diyyar doguwar tafiya kan kai Yuro 600 ko fam 520. A gida kuma NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji, da jami'ai a manyan filayen jirage.

Lissafi a takarda

Kafin a biya, a ɗauki biro a jera tikiti biyu ko uku. Ga misali, da alƙaluman da aka sa don kwatance kawai. A ce ɗaliba daga Katsina za ta Delhi. Tikiti na farko daga Legas naira 900,000 ne da akwati ɗaya. Na biyu daga Kano naira 1,100,000 da akwati biyu. A ido, na farko ya fi sauƙi da 200,000.

A ƙara wa na farkon jirgin Kano zuwa Legas 150,000, rarar kaya a jirgin cikin gida 30,000, masauki da mota a Legas 50,000, akwati na biyu 150,000. Ya zama 1,280,000. Wanda ake gani mai tsada ya fi shi sauƙi da 180,000, ga shi iyayenta za su iya raka ta har filin jirgi.

Wani lokacin lissafin zai nuna Legas ko Abuja ce ta fi, musamman ga mai zuwa Landan ko Amurka. Abin da ake so shi ne a yi shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ga ɗalibi arahar na samuwa idan ya fara nema da wuri, ya yi rajistar rangwamen ɗalibai, ya haɗa dukkan kuɗin tafiyar wuri ɗaya, kuma bai ɗauki cewa ya sayi tikiti ba sai ya ga alƙaluma 13 ɗin nan da idonsa a shafin kamfanin jirgin.